Ciwon ƙoƙon gwiwa a jikin akawu mai gudun ƙarshen mako: nazarin wani lamari daga Agege

Mutumin da wannan bayani ya shafa akawu ne ɗan shekara 36, haifaffen Zangon Agege, yana aiki da wani kamfanin fiton kaya a Apapa. Na sakaya sunansa da na kamfanin. Ya zo sashenmu na gashin ƙashi cikin watan azumi yana kukan ciwo a gaban gwiwarsa ta hagu, ciwon da ya kusa wata 4 yana tafiya yana dawowa. Bai faɗi ba, bai yi targaɗe ba, babu wanda ya taka shi a filin ƙwallo. Da na ce ya nuna mini wurin da yatsa ɗaya sai ya kasa. Ya kifa tafin hannunsa a kan ƙoƙon gwiwar yana zagaya shi, ya ce, "Likita, ba waje ɗaya ba ne. Kamar daga bayan ƙoƙon yake fitowa." Mai ciwon jijiya yakan ɗora yatsa a kan wurin cak. Wanda ya kifa hannu haka, galibi matsalarsa tana tsakanin ƙoƙon ne da ƙashin cinyar da yake zamewa a kai.

Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta damunsa ko kaɗan. Saukowa daga bene ce tashin hankalinsa, musamman gadojin nan na masu tafiya a ƙasa da suka cika Ikeja da Oshodi, kuma hawa ya fi masa sauƙi a kan sauka. Sai tsugunno a bayi, sai tasowa daga sujada, sai zaman tahiya inda ƙafar hagu take naɗe sosai. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne zama. In ya yi minti 40 a kujera bai motsa ba, sai wani ciwo mai nauyi ya taso a hankali har sai ya miƙe ƙafar ko ya tashi ya ɗan taka. Gwiwar ba ta taɓa kumbura ba, ba ta sarƙewa ta ƙi miƙewa, ba ta taɓa lanƙwashewa ta kayar da shi ba. Tana ƙara ƙas-ƙas in ya tsuguna, amma ta dama ma tana yi, ita kuwa lafiyarta ƙalau. Tarawihi ce ta kawo shi wurinmu. A raka'o'in ƙarshe yakan dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe, ga dattijan da suka haife shi a sahu ɗaya suna tashi caraf.

Na fi ɓata lokaci a kan yadda makonsa yake tafiya fiye da kan gwiwar kanta, domin nan ne amsar take. Yana fita bayan Asuba a motarsa mai giyar hannu. Daga Agege zuwa Apapa, in hanya ta yi kyau awa ɗaya da rabi ne, in tireloli da tankoki sun toshe bakin tasha sai yadda hali ya yi. Ya zauna gaban kwamfuta awa 9, salla ce kawai take tayar da shi, abincin rana ma kawo masa ake yi kan tebur. Dawowa awa 2 zuwa 3 cikin gosulo. In aka haɗa, gwiwarsa tana kwashe awa 12 zuwa 13 a lanƙwashe kowace rana, Litinin zuwa Juma'a. Ranar Asabar da safe ya buga ƙwallo da samarin unguwa, ranar Lahadi ya yi sassarfa ta kilomita 3. Haka ya yi shekaru ba tare da wani ciwo ba, kuma wannan yana da muhimmanci: zaman ofis ba sabon abu ba ne a rayuwarsa, ciwon ne sabo.

Abin da ya canja ya faru ne a watan Nuwamba. Abokan aikinsa suka zuga shi ya yi rajistar tseren kilomita 10 da ake haɗawa da gudun fanfalaki na Legas, wanda ake yi tun 2016, galibi a watan Fabrairu. Cikin mako 3 ya tashi daga kilomita 3 a mako zuwa sama da 20. Ya ƙara da hawa da sauka a matattakala don "ƙarfafa ƙafa", kamar yadda wani ya nuna masa a waya. Ranar Lahadi ya bi abokan zuwa gadar Lekki da Ikoyi, mai tsawon kilomita 1.36, suna hawa suna gangarowa sau da yawa. Ya kuma sayi kambas na gwanjo a kasuwar Katangua, mai siririn ƙasa, saboda ba shi da nauyi. Ƙwallon Asabar bai fasa ba. A mako na 4 ciwon ya fara, da farko bayan gudu, daga baya a tsakiyar gudu, daga ƙarshe har a kujerar ofis.

Kafin ya iso gare mu ya zaga. Mai kemis ya haɗa masa maganin kashe ciwo diclofenac da wasu ƙwayoyi, ya shafa man zafi, wanzami ya yi masa ƙaho a gefen gwiwar. Ya ajiye gudu gaba ɗaya mako 6, tseren Fabrairu ya wuce ba shi, ciwon ya lafa. Da ya ga ya lafa sai ya koma kan nisan da ya tsaya, kwana 4 ciwon ya dawo. Ya ɗauki hoton ƙashi, hoton bai nuna komai ba. Mahaifiyarsa ta ce sanyin na'urar ofis ne ya shiga ƙashi. Wani a majalisarsu ya ce ruwan gwiwar ne ya ƙare, ƙashi yana cin ƙashi. Wannan maganar ce ta fi zauna masa a rai, har ya tambaye ni kai tsaye ko shi ke nan ya kama hanyar salla a kan kujera.

Da na duba shi, nauyinsa kilo 84, tsayinsa mita 1.75. Babu ruwa a cikin gwiwar, babu zafin jiki a wurin, tana miƙewa tana naɗewa har ƙarshe. Jijiyoyin da ke riƙe ta gaba da baya da gefe biyu duk daram. Na danna layin da ƙashin cinya da na ƙwauri suka haɗu, babu ciwo. Na danna jijiyar da ta sauko daga ƙasan ƙoƙon zuwa ƙwauri, babu ciwo. Sai da na tura ƙoƙon gefe na sa yatsa ƙarƙashin bakinsa na waje sannan ya ce, "Yauwa, shi ke nan." Kwatangwalonsa yana juyawa ba tare da ciwo ba. Na sa shi ya tsuguna a hankali, ciwon ya kama shi tun bai kai rabin hanya ba.

Gwajin da ya fi bayyana abin shi ne saukowa daga ɗan akwati da ƙafa ɗaya. Da ya tsaya a kan ta dama ya sauke ta hagu, gwiwar ta tafi saitin yatsunsa, ƙugunsa a daidaice. Da ya tsaya a kan ta hagu, sai gwiwar ta karkata ciki tana rawa, ƙugun dama ya zube, kafaɗarsa ta jirkice don ya tare faɗuwa. Na ɗauke shi a wayarsa na nuna masa, ya yi dariya ya ce ai wannan tafiyar mai maye ce. Tashi daga kujera da ƙafa ɗaya, ta dama ta yi sau 19, ta hagu ta tsaya a 9. Kaurin cinyar hagu ya gaza na dama da santimita ɗaya da rabi. Da ya kwanta rub da ciki na naɗe ƙafar, dunduniyarsa ba ta kai mazaunai ba ta kowane ɓangare, alamar tsokar gaban cinya ta ɗaure. Na ja ƙoƙon ciki kaɗan na manne shi da filasta mai ƙarfi, na ce ya sake tsugunawa, ciwon ya ragu da kusan rabi nan take.

Duk wannan ya taru a kan abin da ake kira ciwon mahaɗar ƙoƙon gwiwa da ƙashin cinya, wanda masu gudu suka fi kowa saninsa. Ba baƙon ciwo ba ne. Wani nazari da ya tattara bincike-bincike da dama a 2018 ya kiyasta cewa kusan mutum 23 cikin 100 suna fama da shi a cikin shekara guda, kuma mata sun ninka maza.

Ƙoƙon gwiwa ƙashi ne da yake zaune cikin jijiyar tsokoki huɗu na gaban cinya. Aikinsa ya ɗaga jijiyar daga jikin gaɓar don tsokar ta samu ƙarfin miƙe ƙafa. A ƙarshen ƙashin cinya akwai kwari, ƙoƙon yana zamewa sama da ƙasa a cikinsa duk lokacin da gwiwa ta lanƙwashe ko ta miƙe. Iya yadda gwiwa ta lanƙwashe da nauyi a kanta, iya yadda ake matse ƙoƙon cikin kwarin. A tafiya ta yau da kullum matsin bai wuce rabin nauyin jiki ba. A matattakala yakan kai ninki 3 ko ya ɗara. A tsugunno har ƙasa yakan kai ninki 7. Ga mai kilo 84, kowane taku a gadar Oshodi kwatankwacin kilo 250 ne a bayan ƙoƙon, tsugunno kuma ya doshi 600. Shi ya sa guringuntsin da ke bayan ƙoƙon ya fi kowanne kauri a jikin ɗan Adam. An halicci wurin don ɗaukar kaya, kuma lafiyayyar gwiwa tana ɗauka ba tare da mai ita ya sani ba.

Maganar "ƙashi yana cin ƙashi" ita ce na fi ba lokaci wajen warwarewa. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jin ciwo. Wani likitan ƙashi Ba'amurke, Scott Dye, ya sa an shiga cikin gwiwarsa da na'urar leƙe ba tare da an kashe cikin gaɓar ba, aka riƙa taɓa sassanta ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da yake ji, aka buga sakamakon a 1998. Da aka taɓa guringuntsin bayan ƙoƙon bai ji komai ba, alhali nasa ma ya ɗan lalace. Da aka taɓa kitsen da ke ƙarƙashin ƙoƙon da tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓar, ciwon ya yi tsanani ƙwarai. Wato ciwon yana fitowa ne daga naman da ke kewaye da ƙoƙon da kuma ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi, idan aka ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu suka fusata. Fusata daban, lalacewa daban. Ita kuwa ƙarar ƙas-ƙas, in ba ta zo da kumburi ko ciwo ba, ba ta nuna komai, gwiwarsa ta dama ce shaida.

To ina zama ya shigo? Mutane suna saurin ɗora wa kujera laifi, ni kuwa ina ganin laifinta na taimakawa ne, ba ita ce ta kunna wutar ba. Ɗan dakon da yake sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12 kullum, bayansa ya saba, buhu 50 ba komai ba ne a wurinsa. A kira magatakardan da yake rubuta lissafin buhunan a ce ranar Asabar shi zai sauke tirela, ranar Lahadi ba zai tashi ba, kuma ba buhun ne ya fi na jiya nauyi ba. Gwiwar mutuminmu magatakarda ce kwana 5, sai a wayi gari an mai da ita ɗan dako. Tsoka da jijiya da ƙashi suna sabawa da aiki, amma a hankali, cikin makonni da watanni, kuma numfashi yakan riga su sabawa. Shi ya sa mutum yake jin ƙirjinsa zai iya kilomita 8 alhali gwiwarsa tana kan kilomita 3.

Zama yana shigowa ta hanyoyin da suka fi wannan ɓoyuwa. Tsokar cinyar da take kwana 5 ba ta ɗaga komai ba ba ta da rarar ƙarfi, kuma binciken da ya bi lafiyayyun mutane har ciwon ya same su, musamman kuratan soja, ya nuna raunin tsokar gaban cinya yana cikin abubuwan da suke gabatar ciwon. Raunin tsokokin ƙugu kuwa, wanda ya sa gwiwarsa take karkata ciki, an fi ganinsa bayan ciwon ya riga ya kama, don haka ban ce masa shi ne mafari ba. Amma ƙarfafa su yana rage ciwon, wannan kam an tabbatar. Sannan aikin da ya cinye ranakun mako yana tilasta wa mutum ya cusa duk motsa jikinsa cikin kwana 2 a jere, ba hutu a tsakani. Ga ƙarancin barci, don mai fita bayan Asuba ya dawo bayan Isha ba ya samun awa 6 cikakku, jiki kuwa cikin barci yake gyara abin da gudu ya taɓa.

Ciwon da yake ji a zaune kuma bayaninsa a fili yake. Gwiwa a lanƙwashe tana riƙe ƙoƙon a matse cikin kwarinsa, balle in tsokar gaban cinya a ɗaure take. Lafiyayyen wuri ba ya kula da wannan ɗan matsin. Wurin da ya riga ya fusata kuwa, minti 40 sun ishe shi ya fara magana. Fiye da rabin masu wannan ciwo suna kuka da dogon zama. A wurinsa akwai ƙarin kuloci, wanda ƙafar hagu ce take taka shi ɗaruruwan lokuta a gosulon Apapa, ga kujerar direba da ya matso da ita gaba har gwiwarsa tana kusan taɓa sitiyari. Kuloci ba zai jawo ciwon shi kaɗai ba, amma ya isa ya hana wanda ya riga ya kama lafawa.

Ba kowane ciwon gaban gwiwa ne wannan ba, kuma akwai waɗanda sai da na kawar da su kafin na tsaya. Ciwon jijiyar ƙasan ƙoƙo, na masu yawan tsalle, yana zama a wuri ɗaya da za a nuna da yatsa, yakan yi sauƙi in jiki ya ɗumama ya dawo washegari. Kitsen ƙarƙashin ƙoƙo in shi ne ya kumbura, ya fi ciwo a dogon tsayuwa da gwiwa a miƙe sarai, akasin nasa. Jakar ruwan da ke kan ƙoƙon takan kumbura ga masu yawan durƙuso a kan tayil ko siminti, ana ganinta tsuru a waje. Yagewar faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri takan biyo bayan murɗewar ƙafa, ta zo da kumburi da sarƙewa. Ciwon gefen gwiwa na waje ga masu dogon gudu wani abu ne daban. Amosanin gaɓɓai na iya farawa daga bayan ƙoƙon, amma an fi sa ran sa bayan shekara 45, tare da sandarewar safiya. Na tambaye shi sikila, ba shi da ita. Na tambaye shi ko babban yatsan ƙafarsa ya taɓa kumbura cikin dare, saboda cutar gawut ba ta da wuya a unguwar da tsire da kayan ciki suke kusa da hannu, ya ce a'a.

Da gwiwar ta kumbura ta yi zafi ta yi ja, ko akwai zazzaɓi, ko ba ya iya taka ƙafar, ko ciwon yana tayar da shi cikin dare ba dalili, ko yana ramewa, da ban riƙe shi ba, da na tura shi wurin likitan ƙashi a ranar, ga Asibitin Ƙashi na Igbobi nan a gari. Haka nan yaro mai tasowa da ya zo da ciwon gwiwa yana ɗingishi, kwatangwalonsa ake fara dubawa, don ciwon can yakan ɓuya a gwiwa. Shi bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya nemi a yi masa hoton MRI, na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna. Ana gane wannan ciwon ne da labari da gwajin hannu, hoton kuma yakan nuna ƙananan abubuwa har a gwiwar da ba ta ciwo, sai mutum ya ƙara tsorata a banza.

Abu na farko da muka yi shi ne ajiye diclofenac. Mai azumi, ciki babu komai, jiki babu ruwa, a zafin Legas, yana shan wannan ƙwaya kullum, yana neman gyambon ciki da matsalar ƙoda ne, kuma tana rufe masa alamar da muke bukata don auna aiki. Na ba shi ma'auni daga 0 zuwa 10. Duk aikin da ciwonsa bai wuce 3 ba, kuma ya koma yadda yake kafin washegari, ya ci gaba da shi. Wanda ya wuce haka a rage, ba a daina ba. Nan ne hutunsa na mako 6 ya gaza: ya kwantar da fushin gwiwar, amma ya ƙara raunana cinyar, sannan ya koma ya ɗora mata kayan da ya kayar da ita tun farko.

Atisayen ba mai yawa ba ne, sau 3 a mako, bayan buɗa-baki da awa 2. Kwanciya rigingine yana ɗaga ƙugu, daga baya da ƙafa ɗaya. Kwanciya a gefe yana ɗaga ƙafar sama. Tafiya gefe-gefe da roba ɗaure a gwiwoyi. Jingina da bango a ɗan tsugune, iya inda ciwon bai kama ba, ya riƙe daƙiƙa 30 zuwa 45. Tashi daga kujera a hankali, hawa bulo ɗaya da sauka gaban madubi yana kallon gwiwar kada ta karkata. Na gaya masa tun farko cewa in atisayen bai gajiyar da cinyar ba, bai yi komai ba, don haka a mako na 4 ya fara rungumar jarkar ruwa mai lita 10, daga baya mai lita 20. Na koya masa manna filasta don ranakun da zai sha matattakala, na makonnin farko kawai. Kambas ɗin Katangua ya koma na zuwa kasuwa, ya dawo da tsohon takalminsa mai kaurin ƙasa.

A ofis ya sa wayarsa tana tuna masa duk minti 30 ya tashi, ko da zuwa taga ne ya dawo. Ya fitar da kwalin takardun da ke ƙarƙashin tebur don ya samu wurin miƙe ƙafa, ya ɗaga kujerar, ya bar naɗe ƙafafu ƙarƙashinta. Kujerar mota ya ja ta baya. Kwana 2 a mako ya ajiye motar ya hau jirgin ƙasan Red Line daga tashar Agege zuwa Oyingbo, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, ya ƙarasa a motar haya. Ko ba komai ya huta da kuloci, ya kuma samu tafiyar ƙafa a ranakun aiki, abin da da babu shi sam.

Salla ce ta fi bukatar lallami, don abin ya taɓa zuciyarsa. Farilla ya ci gaba da yi yadda ya saba, da darduma biyu a ninke, yana dafa ƙasa in zai tashi. Tarawihi kuwa na ce ya tuntuɓi malaminsa, malamin ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, cewa a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune. Sai ya riƙa yin rabin farko a tsaye, sauran a kujera. Ya ce daren farko ji ya yi kamar duk masallacin shi ake kallo, har wani dattijo ya leƙo ya ce, "Yaro, kai ma ka shigo layinmu?" A goman ƙarshe ya rage raka'o'in kujerar. Bayi kuwa ya koma na zama na ɗan lokaci, da sharaɗin zai dawo wa tsugunno a hankali, don ban son ya rasa shi.

A mako na 3 ciwon zama ya ja baya, yana kai awa ɗaya da rabi kafin ya ji shi. A mako na 5 muka dawo da gudu, minti 1 sassarfa minti 2 tafiya, a fili mai laushi, ba gada ba gangara, kwana ɗaya tsakani, ɗaya daga cikin ranakun kuma dole ta faɗo tsakiyar mako. Na ƙirga takunsa na ga yana buɗe ƙafa da yawa yana dira da dunduniya can gaba. Na sa ya gajarta taku ya yawaita shi da kamar kashi 10 cikin 100, abin da gwaji ya nuna yana rage matsin bayan ƙoƙon.

A mako na 7 ya dawo yana ɗingishi. Ƙarshen wata ya zo, lissafin kamfani ya riƙe shi har dare, kwana 10 bai yi atisaye ba, sannan ranar Asabar samari suka rasa ɗan baya ya shiga ya buga minti 90. Ya zo da fargabar komai ya rushe. Gwiwar ba ta kumbura ba, gwaje-gwajen ba su koma baya ba, fushi ne kawai ya tashi. Muka koma matakin mako 2 baya, cikin kwana 8 ta lafa. A ganina wannan tuntuɓen ya koya masa abin da bayanina bai koya masa ba, don tun daga nan in aiki ya matse shi yakan yi ko da jingina da bango ne a ofis tsakanin Azahar da La'asar.

A mako na 12 tashi da ƙafa ɗaya ya kai 18 a hagu, 21 a dama. Gwiwar tana sauka daga akwati ba ta karkata sai ya gaji. Yana gudun kilomita 5 sau 3 a mako, yana buga rabin lokaci ranar Asabar, sujada da tahiya babu ciwo, tsugunno har ƙasa yana ba shi 1 ko 2 cikin 10. Abin da ya rage shi ne ranar da gosulo ya wuce awa 3, gwiwar takan yi nauyi har ya sauka ya taka.

Ban ce masa ya rabu da shi har abada ba. Binciken da ya bi masu wannan ciwo shekara 5 zuwa 8 ya samu fiye da rabinsu suna da sauran damuwa, kuma waɗanda suka daɗe da ciwon kafin a fara kula da su ne suka fi shan wuya. Don haka atisayen cinya da ƙugu ya zauna sau 2 a mako ko babu ciwo. Yana son tseren kilomita 10 na Fabrairu mai zuwa, muka tsara ya fara shiri tun watan Satumba, ƙari kaɗan-kaɗan, kowane mako na 4 ya sassauta, gadar Lekki da Ikoyi kuma sai ya kai kilomita 7 a shimfiɗaɗɗen wuri ba tare da ciwo ba. Zai dawo a sake auna cinyar kafin ya fara.